Lafiya Lau da Na Ce wa Baturiya

Ni dai ban taɓa zaton zan yi digiri uku a fiziks in ƙare a gadi ba. Kuma ba gadin banki ko na gidan wani Alhaji ba, inda mutum zai samu benci da iska da masu wucewa yana tsokana. Gadin wata na'ura ce da aka binne a ƙarƙashin dutse can Turai, ni kuma ina ɗakin ajiya a gidana na Kambarawa, tsakanin buhun gero da tsohon keken ɗinkin uwargida.

Ga yadda aka yi na shiga. Ina koyarwa a wata makaranta nan Katsina. Ɗakin gwajinmu, in ka kori ƙadangaru ka share yanar gizo, abin da ya rage kwali ɗaya zai ɗauke shi. Can kuwa akwai wani gagarumin aikin bincike da ƙasashe da yawa suka haɗu a kai. Na'ura ce mai girman masallacin Juma'a, tana zaune cikin dutse tana jiran wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke ratsa duniya ba ko sallama. Masu aikin dubbai ne. In suka fitar da takarda, sunayen marubuta kaɗai sai su cinye shafuka, abin da aka gano ya koma kamar ƙarin bayani.

Makaranta irin tamu ba ta isa ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa ita kaɗai ba. Ƙungiyarmu ta masana fiziks ce ta yi dabara. Ta tsinto mu daga makarantu daban-daban, ɗaya nan biyu can, ta ɗaure mu kamar damin kara, ta kai mu a matsayin gida ɗaya. Shugaban reshenmu wani Farfesa ne da ya koyar da ni tun ina ajin farko. Shi ya yi shekaru yana rubuta wasiƙu, har gashin kansa ya gaji ya bar shi, kafin aka ce to, a ba su shekara ɗaya ta gwaji. Ba mu da ƙarfe ko waya da za mu kai, sai aka ce mu kawo ido. Na'urar ba ta barci, saboda haka kullum sai an samu masu kallon ta, kowa daga inda yake. Awa takwas ne zama ɗaya. Ka zauna gaban kwamfuta, ba tashi, ba yawo, ba "bari in leƙa in dawo".

Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne, duk abin da ɗayanmu ya yi ba a kansa ake rubutawa ba, a kan ƙungiya ne. In shekara ta cika za su zauna su duba takardarmu. Ta yi kyau, mu zauna, sunayenmu su shiga cikin dubban nan. Ta yi baƙi, a rufe mana ƙofa gaba ɗaya. Kuma akwai wata malama a sashenmu da digirinta na uku ya rataya kacokan a kan abin da na'urar ke tarawa. In an kore mu, shekara biyunta ta tafi a banza.

Ranar da Farfesa ya ba ni jadawalina sai da ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, na san bakinka. Can ba majalisar shayi ba ce. Abin da ka gani shi za ka faɗa, kada ka ƙara gishiri."

"Ranka ya daɗe, ni da ƙarin gishiri?"

"Ba kai ka ce wa ɗalibai ka taɓa ganin tsawa ta sauka a Ƙofar Durbi ta tsaya tambayar hanya ba?"

"Misali ne na ba su, ranka ya daɗe."

"To a can kada ka ba da misali."

Aikina mai sauƙi ne a baki. Ni ne mai duba sanyin wani ɓangare na na'urar. Shafi ɗaya ne, cike da 'yan akwatuna. Kore, komai daidai. Ja, na'urar da kanta za ta yi ihu, kowa ya ji. Ruwan ɗorawa shi ne abin da ya sa aka ajiye ɗan Adam. Ma'anarsa wurin ya fara ɗumi, bai kai na ihu ba, amma duk awon da aka ɗauka a lokacin abin shakka ne. Da ka gan shi sai ka sanar da shugaban gadi na ranar nan take. Ban da wannan, kowane rabin awa ka rubuta abin da ka gani a littafin gadi da ke cikin kwamfutar, wanda kowa a duniya zai iya buɗewa.

Sai batun ɗaki. Na zagaye gidana kaf da waya a sama kamar mai neman aljani, babu inda sabis ke tsayawa sai ɗakin ajiya. A ɗakin ma sai an rataye wayar a wata ƙusa da ke jikin 'yar taga. Ɗakin kuwa in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango. Fanka ba ta shiga, don batirin sola ba zai ɗauki fanka da kwamfuta tare na awa takwas ba. Uwargida, wadda nas ce a asibiti, ta leƙo ranar farko ta gan ni a tsugune kan kujerar tsakar gida da abin ji a kunne.

"Sannu maigadi. In kawo maka sanda da tocila?"

"Hajiya, duniya nake tsaro."

"To Allah ya tsare mana geron."

Haka na yi ta yi wata da watanni, akwatuna kore shar, har na fara ganin kore in na rufe ido. Ban taɓa makara ba. Ranar sunan ɗan abokina ina ciki. Ranar da maƙwabci ya yanka rago ina ciki, ƙamshi na shigowa ta taga yana min gwalo.

Zamana na ƙarshe ya faɗo wata Asabar a tsakiyar bazara, saura kwana goma a yi zaman duba mu. Zafin ranar, in ka ajiye ɗanyen ƙwai kan keken ɗinkin nan, kafin ka nemo gishiri ya soyu. Kuma ranar ce za a yi wani awo na musamman da aka yi makonni ana shiri. Shugabar gadi wata Baturiya ce da ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani. Mace ce mai magana kamar ana cirar mata haraji a kan kowace kalma.

Wajen goma da rabi na ji sallama a tsakar gida. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon maɗinkin hula daga Ƙofar Durbi. Kawu in ya fara gaisuwa da hantsi, gara ka riƙe alwalarka ta azahar. Na ji uwargida tana masa bayani cewa ba zan iya fitowa ba.

"Shina ciki kuma ba ya hitowa? Mi yake tsaro, gero?"

"Aikin Turawa ne, Kawu."

"To kawo mani kujera nan gindin taga. In shi ya zama Bature, ni ban zama ba."

Aka kawo kujera. Na zame abin ji daga kunne ɗaya, na ɗan rusuna duk da ba ya gani na, muka fara. Ina kwana, lafiya lau. An tashi lafiya, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya iyali, ya yara, ya zafi, ya makaranta, ya ɗalibai, ya haƙuri da mu. Ya mutanen Turai. Na ce duk lafiya. Ya numfasa, na ce alhamdu lillahi an sauka, ashe gangara ce ya samu. Ya koma kan ina kwana.

Muna cikin zagaye na biyu akwati na bakwai ya rikiɗe ya zama ruwan ɗorawa.

Na gan shi sarai. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, balle mai karatu. Wata da watanni ina jiran wannan launi, har wani ɗan daɗi na ji, yau dai za a san ana gadi a Kambarawa. Na kai hannu zan danna in kira shugabar gadi, sai muryarta ta riga ni shigowa kunne. Da Turanci ta yi, amma abin da ta ce shi ne:

"Katsina, ya komai a wajenku?"

To ku faɗa min, wane ɗan halak ne za a ce masa ya komai ya fara da matsala? Mu nan ko rasuwa ka zo faɗa sai an gama lafiya lau tukuna. Ka amsa, ka mayar, a tambayi gida a tambayi aiki, a yi ɗan shiru, sannan ka gyara zama ka ce sai dai akwai 'yar magana. Haka aka haife ni aka yaye ni. Ga bakina kuma da ma a kan hanya yake tun zuwan Kawu. Sai na ji kaina ina cewa:

"Lafiya lau, mun gode Allah, komai lafiya. Ya aiki, ya sanyin wajenku, ya mutanen gida?"

Na riga na shirya. Tana cewa lafiya zan ce madalla, sai dai akwati na bakwai. Maganar tana kan harshena, har ta sa takalmi.

"Da kyau," in ji ta. "Katsina ta ce komai daidai. Mun fara."

Ƙit, ta kashe.

Ashe ba gaishe ni take ba. Kiran suna take yi, ɓangare bayan ɓangare, kowa ya faɗi halin akwatunansa kafin a danna. Ni ne na ƙarshe. Sauran zamana duk ba a taɓa yin awo na musamman ba, ban taɓa jin yadda ake kiran ba. An rubuta a takardar horo, na sani, shafin da na ce zan karanta bayan la'asar tun watannin baya.

Na kai hannu in mayar da kira. Daidai nan Kawu ya gaji da gaisawa da bango, ya miƙe ya tura murfin taga don ya ga fuskata. Murfin ya bugi waya, waya ta bar ƙusa, ta bi ta bayan keken ɗinki ta shige inda ko ɓera sai ya yi shawara kafin ya shiga. Shafin gabana ya daskare.

"Ashe kana nan da ranka," in ji Kawu. "Ka rame."

Na ja buhu, na ture keke, na kwanta rub da ciki ina lalube da mariƙin tsintsiya. Na fito da ita tare da wani takalmin yara da muka yi shekara uku muna zargin maƙwabta. Kafin in mayar da ita ƙusa, sabis ya gama yanga ya dawo, kwata ta wuce. Shafi ya buɗe. Awo ya yi nisa. A gefe ga saƙonni na ta sauka daga ƙasashe, kowa na murna an fara lafiya. Akwati na bakwai kuwa yana nan yadda na bar shi, yana kallo na.

Nan ne wurin da ba na son faɗa. Daga wannan minti babu ruwan Kawu, babu ruwan sabis. Maɓallin kira na gabana. Amma in na danna, zan tsayar da abin da mutane suka yi makonni suna shiri, a gaban duniya, in ce ni ne na ce lafiya alhali ba lafiya. Kuma ba sunana za a rubuta ba, na ƙungiya ne, saura kwana goma. Na ce bari in ba shi minti biyar, wataƙila ya huce. Biyar ta zama goma. Duk mintin da ya wuce sai kiran ya ƙara tsada, don yanzu ba za a tambaye ni me ya sa ka ce lafiya kaɗai ba, za a ce me ka zauna yi tun ɗazu.

Sha ɗaya ta yi, lokacin rubutu a littafi. Na rubuta, "Ana sa ido." Ba ƙarya ba ce, ido kam ina sa shi. Sha ɗaya da rabi na sake rubuta haka. Sha biyu ma. Na zama kamar mai shaida a kotu da ya haɗiye rabin magana yana fatan alƙali na jin yunwa.

Ban taɓa sanin ɗakin nan ƙarami ba ne sai ranar. Bango ya matso. Rigata ta jiƙe har ana iya matse ta a shayar da akuya. Ƙofa a rufe take amma ba kulle, babu wanda ya tsare ni, ga tsakar gida taku biyu, ga randa. Amma in na tashi na bar gadi, laifi biyu ke nan. In na zauna, ga abin nan gabana. Na gwada kallon sauran akwatuna, idona ya ƙi. Na gwada rage hasken allo, ruwan ɗorawa ya koma kamar kunun da ya kwana, amma yana nan.

A waje kuma ina jin Kawu da uwargida. Sai a lokacin, bayan lafiya lau ta kai arba'in, ya kawo abin da ya kawo shi.

"Ɗiyata, da ma ƙahwar nan ce na ce bari ki duba mani. Ba wani abu ba ne."

Na ji ta yi salati a hankali.

"Kawu, tun yaushe ta kumbura haka?"

"Bai hi sati biyu ba. Da sauƙi ai."

"Da sauƙi takalmi ba ya shiga?"

Ta wanke, ta ɗaure, ta kira mai adaidaita ya kai shi asibiti da takarda a hannu. Ya tsaya gindin taga ya yi min sallama mai tsawon rabin gaisuwar, ya ce in gaida Turawa.

Na yi azahar a ɗan filin da ke tsakanin buhu da ƙofa, goshina na gogar ƙafar keke. Allah ya yafe min, ban san surar da na karanta ba. Ina sallamewa na waiga. Akwati na bakwai ya koma kore. Shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Ƙarfe ɗaya da rabi da 'yan mintuna, awa uku cif yana wasa da raina.

Wani sanyi ya ratsa ni, sai kuma Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kan buhun gero. Ya ce to ai shi ke nan. Shafi kore, littafi babu ƙarya, zaman duba ku saura kwana goma. Na'urar tana ajiye tarihin zafinta, gaskiya ne, amma kafin wani ya tono wannan awa ukun an yi watanni, kun riga kun shiga, sunanka na cikin takarda. Wa zai tuna da wata Asabar? Maganarsa da ma'ana, ban ɓoye ba. Har na fara ƙulla yadda zan ba da labarin a majalisa, yadda na tsare na'urar Turawa da addu'a.

Wajen biyu uwargida ta turo ƙofa da ƙafa, da kwanon shinkafa da wake. Ta dube ni sau ɗaya.

"Me ka ɓata?"

"Ni? Lafiya lau."

"Malam, shekara goma sha ina kallon fuskar nan. Yau ko tsokanar girkina ba ka yi ba."

Na rufe makirfo na faɗa mata duka. Ta jingina da ƙofa tana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in shige buhu.

"Wato ka tambayi Baturiya mutanen gida."

"Tarbiyya ce, Hajiya."

"Ta amsa?"

"Ba ta amsa ba."

Ta share ido da gefen mayafi, sai ta daina dariyar.

"Mu a asibiti ba ma yarda da bakin kowa. Majinyaci yana numfashi da ƙyar, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka ga Kawu ɗazu. Shi ya sa muke sa ma'auni. Amma wanda ya fi ba mu tsoro shi ne nas ɗin da za ta miƙa aiki ta ce komai lafiya, alhali ta ga zazzaɓi ya hau ya sauka. Wadda ta karɓa sai ta ba da magani a kan ƙarya."

"Nan ba wanda zai mutu."

"To malamar nan taku fa? Ba da wannan awon za ta yi rubutunta ba?"

Ta ajiye kwanon kan keke.

"Ci, sannan ka rubuta. Ko ka rubuta sannan ka ci."

Sau uku na rubuta. Na farko na ɗora wa sabis, ya fito tsaf kamar wasiƙar neman aiki, na goge. Na biyu na ɗora wa Kawu, har da bayanin matsayin ƙanin uwa a ƙasar Hausa, ya kai shafi guda, na goge. Na uku layi biyar ne. Akwati na bakwai ya nuna ɗumi daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Na gani kafin a fara. An tambaye ni, na ɗauka gaisuwa ce, na ce lafiya. Daga baya na samu damar kira ban kira ba. Abin da na rubuta na "ana sa ido" bai cika ba. A rayuwata ban taɓa ba da labari gajere haka ba, ji na yi kamar na fita kasuwa ba wando. Huɗu saura minti goma na tura.

Wanda zai karɓe ni wani mutum ne daga Kudancin Amurka. Ya shigo da fara'arsa ya ce ya kake. Na tambaye shi:

"Ni kake tambaya ko na'urar?"

Bai gane ba sai da ya buɗe littafin. Na ji ya ja numfashi ta hanci, ya ce ya karɓa, in je in huta.

Awa takwas ina mafarkin ƙofar nan, da lokaci ya yi sai na kasa fita. Na zauna har aka kira la'asar. Daga masallaci na hau babur na nufi GRA, gidan Farfesa. Na same shi ƙarƙashin bishiyar darbejiya da waya a cinya, na san saƙo ya riga ni. Ya nuna min tabarma. Ya gaishe ni tsaf, iyali, yara, zafi, jikin Kawu da ban san inda ya ji ba. Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, wata kaza ta zo ta duba mu ta wuce, sannan ya dube ni.

"Na ce kada ka ƙara, sai ka rage."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Na farkon kuskure ne, ni ma zan iya yin sa. Awa ukun fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ka san sau nawa aka mayar min da wasiƙa kafin su amsa?" Ya ɗaga hannu. "Bar shi, kada ka ƙirga. Ranar zaman duba mu za ka zo ofishina ka zauna gefena. Ba za ka ce uffan ba. In ka ji barkwanci ya taso maka, haɗiye shi."

Kwana goman nan Katsina ta yi min kaɗan. A makaranta labari ya riga ya zaga, har masinja in ya gan ni sai ya ce, Dakta, ya komai a wajenku. Malamar nan kuwa ta daina bi ta barandar ofishina, ta gwammace ta zagaya ta bayan ɗakin gwaji cikin rana. Wannan ya fi min zagi ciwo. Majalisa ma na daina zuwa, don mai shayi ya ce tunda na yi shiru cinikinsa ya ragu, in je a duba ni.

Ranar zama muka jeru a ofishin Farfesa, shi a tsakiya, ni a dama, malamar a hagu tana kallon bango. Fuskoki suka cika allo kamar hotunan katin zaɓe. Aka karanta takardarmu, zama kaza ba makara, ba fashi, sai aka zo kan Asabar. Farfesa ya gyara hula ya yi magana da sunan ƙungiya. Bai kare ni ba ko kaɗan. Ya ce awa ukun laifi ne, kuma namu ne duka tunda mu muka kawo shi. Sannan ya yi musu bayanin yadda ake gaisuwa a garinmu, a natse, kamar yana koyar da darasi. Ya ce ƙungiya za ta sake horar da duk mutanenta, kuma yana roƙon a riƙa tambaya da launi, a ce akwatunanka wane launi ne, don wannan ba mai ɗaukar sa gaisuwa.

Sai wata mata mai furfura da ƙaramin tabarau ta buɗe makirfo. Daga muryar na gane ta. Ta ce ita ma tambayarta a sake take, ta yarda a gyara. Ta ce an ware awon awa ukun, za a sake, kuma da ba a rubuta ba da sai bayan watanni za a gano, lokacin an gina abubuwa a kai. Ta ɗan tsaya, ta ƙara da cewa mutanen gidanta suna lafiya. Wasu suka yi dariya. Wani barkwanci ya taso min har baki, Farfesa ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Suka rufe mu a waje na minti ashirin, muna kallon allo baƙi. Da suka dawo da mu hukuncin gajere ne. Ƙungiya ta zauna. Sunayen mutanenmu za su shiga takarda mai zuwa, malamar ta ci gaba da aikinta. Ni kuma an soke zamana na shekarar, sai na sake zama sha biyu kafin a sa sunana.

Farfesa ya kashe kwamfuta, ya cire hula ya shafa kai, ya daɗe a haka. Sannan ya jawo takarda daga aljihun tebur ya miƙo min. Sabon jadawali ne, ashe tun jiya ya buga shi. Duk ranar Asabar suka faɗo, a warwatse cikin shekara.

"Ranka ya daɗe, ko zan riƙa yi a nan ofishin? Na ga akwai fanka."

"A'a."

A baranda na tarar da malamar tana gyara jaka. Na rage tafiya, ita ma ba ta gudu ba.

"Malam, da an kore mu, da har lahira sai mun yi shari'a."

"Yanzu fa, Malama?"

"Ina dubawa."

Takardar ta fito bayan damina. Na bi jerin sunayen da yatsa har na samu nata, na samu na sauran, na wuce inda nawa zai zauna, tsakanin wani mutumin Japan da wani da ban iya karanta sunansa ba. Zuwa yau na yi zama uku. Saura tara.